Likitan da Harajin Talakawa Ya Karantar

Kwana uku da rasuwarsa, bayan la'asar, muna zaune kan tabarmi a ƙofar gidansa ana karɓar gaisuwa, sai wani dattijo ya ce ya kamata a je a roƙi hukuma ta sa sunan marigayin a wani ɗakin kwanciya na asibiti, ko a wani titi cikin gari. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, don ba a jayayya a zaman makoki. Amma da na shiga mota zan koma Sakkwato, tun daga Talata Mafara har muka wuce Lambar Bakura, ba abin da ke yawo a raina sai wata ambulan mai ruwan ƙasa da mutumin nan ya miƙa mini a 1988, da maganar da ya haɗa mini da ita.

Ba zan faɗi sunansa ba. Iyalinsa ba su nemi a buga shi ba, shi ma da ransa ba ya son a riƙa kiran sunansa kan alherin da ya yi. Mu dai Likita muke ce masa. A ƙauyukanmu duk wanda ya iya riƙe allura likita ne, da malamin disfensari da mai kasa ƙwayoyi a tire ranar kasuwa. Shi kuwa na gaske ne, wanda ya yi shekarunsa a Zariya ya fito, kuma ɗan ƙasa, mai jin maganarmu ba tare da an fassara masa ba.

An sa ni makarantar boko a 1976, shekarar da gwamnatin soja ta buɗe shirin firamare kyauta da ake kira UPE. Mai unguwa ne ya zo ya ce kowane gida ya ba da yaro, ni ne ƙarami a maza, sai aka ba da ni. A daidai lokacin ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya fara a 1974 aka gama a 1978. Mu yara abin kallo muka samu, ga manyan motocin kwasar ƙasa, ga Turawa, ga fitilu da dare sai ka ce rana. Iyayenmu kuwa tashin hankali suka samu. Ruwa ya ci gidaje da gonakin mutanen Maradun da ƙauyukanta, aka kwashe su zuwa sabon matsuguni. Mu da ke ƙasan dam, ta wajen Bakura, katafila aka shigo da ita aka baje gonaki, aka tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, aka shafe iyakokin da aka gada tun kaka da kakanni, aka ce a jira sai an gama jan magudanan ruwa a sake rabo. Damina ta zo ta wuce ba shuka, wata ta sake zuwa. Diyya ta yi ta jan ƙafa. Da manoma suka gaji suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati kaɗan ta ce an kashe. Mutanen Birnin Tudu da kewaye har gobe ɗaruruwa suke ƙirgawa. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san irin gidan da na fito: gidan manomin da ya yi shekaru yana cin abin da ke rumbu ba tare da ya zuba sabo ba, kuma bai sake miƙewa sosai ba har ya koma ga Allah.

Ruwan ya zo da albarkarsa, wannan ba a musu. Shinkafa da alkama da tumatir da dankali suka fito tsakiyar rani a faɗin da ba a taɓa gani ba. Ya kuma zo da sauro da tsargiya. Mu wuni muna iyo a kanal, ba mu san 'yan ƙananan dodon-koɗin da ke manne a gefen siminti su ke rainon cutar ba. Yaro ya fara fitsarin jini, manya su ce girma ne ya zo masa. Nawa ya tsananta har na rame, mahaifina ya ɗora ni a bayan keke ya kai ni asibiti. A zamanin, da yawa daga cikin likitocin asibitocin gwamnati 'yan Indiya ne da Pakistan da Masar, sai da tafinta ake gane juna. Shi ya sa mahaifina ya yi turus da mai farar rigar ya ɗago kai ya ce, "Malam, sannu da hanya. Mi yas sami yaron ga?"

Ya duba ni, ya rubuta magani, ya yi wa mahaifina bayanin ruwan kanal dalla-dalla kamar mai koyar da ɗan aji. Muna shirin fita ya hango littafin rubutu a naɗe cikin aljihuna. Ya tambaye ni ajina, ya miƙo mini wata kwalba ya ce in karanta abin da ke jikinta. Na karanta da ƙyar, ina haɗa baƙaƙe. Ya juya ya ce, "Malam, wanga yaro kar a fidda shi makaranta. In abu ya tsaya, ku taho ku gaya min." Mahaifina ya ce, "Ranka shi daɗe, Allah shi ba da iko." Muka tafi. Irin maganar da manya ke yi ce, a ji daɗi a manta.

Abu kuwa ya tsaya. Takardar samun gurbi ta zo mini daga Jami'ar Sakkwato a 1988, shekarar da aka mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba a biyan kuɗin koyarwa, amma wanda bai taɓa fitar da yaro daga ƙauye ba shi kaɗai ke zaton kyautar ta ƙare magana. Akwai kuɗin rajista da na ɗaki, akwai katifa da bokiti da risho, akwai littattafai, akwai kuɗin mota. Ɗakin cin abinci mai rahusa da na gaba da mu ke ba da labari an riga an daina shi, ga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar Naira. Akwai tallafin karatu na gwamnati, sai dai wanda ya riga ya shiga ya yi rajista shi ke nemansa, ni kuwa shigar ce ta gagare ni. Abin da ya rage a gidanmu mai daraja bijimin huɗa ne guda ɗaya, sayar da shi kuwa sayar da damina ce. Mahaifina ya yi kwanaki ba ya magana. Mahaifiyata ce ta tuna masa da Likita. Ya ce shekara bakwai, wa zai tuna? Kuma shi bai taɓa zuwa ƙofar wani da hannu a buɗe ba. Ta ce ai ba roƙo za ka je ba, mutum ne ya ce a gaya masa, ka je ka gaya masa.

Ya tuna. Ya karanta takardar sau biyu, ya shiga ciki ya fito da ambulan, Naira 300 a ciki. Na durƙusa zan yi godiya ya ɗaga mini hannu, ya fuskanci mahaifina ya ce: "Malam, wanga ba kyauta ba ce, ba rance ba ne. Ni da kaka gani, ubana bai biya min ko anini ba. Harajin talakkawa da jangalin Fulani anka tara, En'e ta kai ni makaranta, gwamnati ta kai ni Zariya. Kana cikin waɗanda sunka biya. Naka ne na maido ma."

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina juya wannan magana. Mutumin da ya shiga gidan da nauyin roƙo a wuyansa ya fito yana tafiyar wanda aka biya bashi. Da Likita ya ce taimako ne, da mun karɓa mun gode, amma da mahaifina ya ɗauki abin a zuciyarsa har kabari. Kowane farkon zango nakan biya ta wajensa, ya tambayi sakamako, ya ba da abin da ya sawwaƙa. Bai taɓa cewa sai na karanta likitanci ba, ban kuwa karanta ba, malamin makaranta na zama. Sai a zaman makokin nan na gane ba ni kaɗai ba ne. Na haɗu da wata ungozoma ta asibiti, da wani injiniyan ruwa, da wani alƙali, kowannenmu ya zo yana zaton sirrinsa ne shi kaɗai da marigayin.

Maganar harajin nan gaskiya ce ya faɗa, ba tawali'u ne kawai ba. A zamanin En'e, daga baitulmalin gargajiya ake gina elamantare da midil da disfensari, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta ɗauki wanda ya yi fice ta kai shi gaba. Likita na farko da Arewa ta samu shi ne Dokta Russell Barau Dikko na Wusasa, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fara horar da likitoci a 1967, sai ɗan manomin lardin Sakkwato ya sami hanyar zama likita ba tare da ya bar Arewa ba. Shugaban jami'ar daga 1966 zuwa 1975, Farfesa Ishaya Audu, shi ma likitan yara ne. Ɗaliban wancan lokaci ana ciyar da su sau uku a rana kan kuɗi kaɗan. Da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini a 1978, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2, jami'o'i suka kama da wuta, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Kwamishinan ilimin da ɗaliban ke neman a tsige, Kanar Ahmadu Ali, shi kansa likita ne.

Ba na cikin masu cewa zamanin da aljanna ne. Harajin nan da bulala ake karɓarsa, akwai magidantan da suka gudu suka bar gida saboda shi, kuma cikin yaran ƙauye ɗari da wuya ɗaya ya wuce elamantare. 'Ya'ya mata kuwa ba a ma sa su a lissafi. Amma ɗan da ya samu ya ratsa ya san wanda ya biya masa, yana iya nuna shi da yatsa a kasuwa. Wannan sani shi ya sa Likita ya ɗauki albashinsa a matsayin abin da wasu ke da haƙƙi a ciki.

Dokta Dikko ya rasu a 1977, aka sa sunansa a babban asibitin nan na Kaduna. Ya cancanta, har ma ya fi haka. Sai dai na lura da abin da ke samun sunan da aka manna a bango: a hankali yakan koma sunan wurin sauka a bakin masu a-daidaita-sahu, yaran da ke kiransa kullum ba su san mai shi mutum ne da ya yi wata gwagwarmaya ba. Ba na son Likitanmu ya ƙare a haka kawai, alhali mun san abin da shi da kansa ya zaɓa ya yi da kuɗinsa.

In aka dubi abin a takarda, yaron ƙauyenmu na yau ya fi ni gata nesa ba kusa ba. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 ɗan ɗaya daga garuruwan nan uku ne ke kujerar gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Makarantu sun matso kusa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, ga jami'ar jiha da aka kafa a garin a 2018, ga Kwalejin Noma da Kiwo a Bakura, ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013. Ni sai da na yi tafiyar rabin yini kafin in ga ƙofar jami'a, shi yana iya ganinta daga kan babur. Duk da haka, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ce ta zo ta tsaya kan maganin waɗanda suka rage. Allah ya saka musu. Amma abin tambaya ne gare mu, mu da muka yi karatu da dukiyar wannan ƙasa, yadda aka yi har yanzu in masifa ta sauka sai an jira baƙo.

Sannan ga shekarar 2021, wadda duk mai ɗa a makaranta a yankin nan ba zai manta da ita ba. Daren 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren kwana ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. Sun dawo bayan kwana huɗu, amma na san gidajen da daga ranar aka naɗe akwatin yarinya aka fara maganar miji. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Noma ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke yara 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun. Garuruwa uku, makarantu uku, cikin wata bakwai. Aka rufe makarantu, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako, har da kasuwar Talata da garin Mafara ya ci sunanta. Ɗalibin da ke jiran saƙon jami'a sai ya fita daga jihar kafin wayarsa ta kama. Wanda ubansa ke sayar da akuya ranar kasuwa ya aika masa kuɗin abinci kuwa, sai ya yi azumin da ba na lada ba. A ƙauyuka da yawa manomi bai isa ya shiga gonarsa ba, ko ya kwashe abin da ya noma, sai gari ya haɗa kuɗi an kai daji. Haraji ne shi ma, kuma ya fi na da tsanani, ga shi ba ya gina aji ko ɗaya.

Na yi shekaru ina koyarwa, na ga inda yaran ƙauye ke faɗuwa, kuma ba a ƙwaƙwalwa ba ne. Tun 2015 jarabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, yaron da bai taɓa dafa madannai ba sai ya je gari ya biya a koya masa, ya kwana a shagon wani ɗan garinsu. An yi shekarun da hukumomin jarabawar kammala sakandare suka riƙe sakamakon ɗaliban jihar saboda bashi, sai bayan 2023 aka warware. In ya tsallake duk wannan ya sami gurbi, sai ya tarar da abin da na tarar, an ninka shi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ɗalibi zuwa gida ganin mahaifiyarsa. Wanda ya zaɓi likitanci kuma shekara shida ce a gabansa in ba a sami tangarɗa ba, ga yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya ci wata takwas. Shekarar farko dangi kan yi ƙoƙari, a yi karo-karo cikin murna, ɗanmu ya shiga jami'a. A shekara ta biyu da ta uku ne ake rasa su, lokacin da murna ta lafa, rumbu ya yi ƙasa, ƙanne suka taso. Yaro ba ya zuwa ya ce ya bari. Sai dai ka ji an ce yana Abuja yana tura baro, ko ya tafi wajen haƙar zinariya ya haɗa kuɗin rajista, daga nan shiru.

Yanzu akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta, ya ba da Naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Abu ne mai kyau, ina kuma gaya wa ɗalibaina su nema. Amma shi ma wanda ya riga ya shiga yake kamawa, sai da lambar ɗan ƙasa da asusun banki da intanet. Kuma kwamfutar da ke Abuja ba ta san yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinta ba ta ma cike fom ɗin JAMB ba, saboda an kashe mahaifinta a gona. Wannan sai hedimasta, sai liman, sai maƙwabci.

Akwai inda aka gwada irin abin da nake nufi aka ga amfaninsa. A wani ƙauye mai suna Ingwavuma a Afirka ta Kudu, asibitin Mosvold ya yi ta fama da rashin ma'aikata, waɗanda aka turo daga birni ba sa zama. Wani likita a wurin, Andrew Ross, ya fara wani asusu a 1999 na ɗaukar yaran yankin a kai su jami'a su karanta fannonin lafiya, su riƙa zuwa asibitin aiki lokacin hutu, in sun gama su yi wa yankin aiki gwargwadon shekarun da aka biya musu. Asusun yana nan har yau da sunan Umthombo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2010 take ba ƙasashe shawarar su riƙa ɗaukar ɗaliban likitanci daga karkara, don su suka fi komawa su zauna. Ba sai mun je nesa ba. Shirin W4H da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012, wanda Zamfara na cikin jihohinsa, ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye da matan aure, da amincewar iyaye da mazaje da masu gari, a yi musu karatun share fage su shiga makarantun jinya da ungozoma, su koma garuruwansu. Duk wanda ya san yadda mace a ƙauyenmu za ta gwammace ta yi naƙuda kwana biyu a ɗaki da namiji ya duba ta, ya san darajar wannan.

Na daɗe ina tunanin ko ya dace a ɗaure yaro da sharaɗin dawowa. Likita bai ɗaure kowa ba. A halin da ake ciki kuma, da ake sace ma'aikatan lafiya a hanya, ba ni da bakin zagin wanda ya gama ya nufi Saudiyya ko Ingila, ko ya tsaya Gusau. Amma ina ganin a gaya wa yaro gaskiya tun ranar farko, irin wadda aka gaya wa mahaifina: kuɗin nan na mutanen garinku ne, su suka noma shi. In ya dawo, madalla. In bai dawo ba, ya ɗauki wani yaron. Takardar yarjejeniya ana iya samun lauya ya warware ta, kunyar idon mutanen gari kuwa tana bin mutum har inda ya je.

Abin da na fi tsoro shi ne abin da ke kashe irin waɗannan asusu a wurinmu. A yi taron ƙaddamarwa da kujeru da lasifika, manya su yi alkawari a gaban kyamara, shekara ta zagayo a nemi kuɗi a rasa. Ko kuma kuɗin ya samu, jerin sunaye ya cika da 'ya'yan waɗanda ko ba tallafi za su yi karatu. Maganin na farko muna da shi a addininmu, wato waƙafi. A sayi gona a cikin filin Bakolori, ko shaguna biyu a kasuwar Mafara, a tsayar da su, ba a sayarwa ba a gado, abin da suka kawo shi ke biyan karatu. Ba baƙon abu ba ne: tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi makaranta da masauki a Alƙahira don mutanensu masu neman ilimi, jiharmu kuma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da za ta iya shaida a rubuce. Maganin na biyu ya fi wuya, don sai an sami mutanen da za su iya kallon babban mutum su ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka ba ya ciki." Ina ganin a bar zaɓen a hannun malaman makarantun ƙauye, a kafe sunayen a inda kowa zai gani, a kuma ware rabi domin 'ya'ya mata.

Bayan wata biyu da rasuwar, mu bakwai da muka gano juna a kan tabarmar nan muka sake haɗuwa a gidan babban ɗansa. Muka gaya masa abin da mahaifinsa ya yi mana, wanda shi ma bai san rabinsa ba, ya yi ta share hawaye. Ba mu hana maganar titi ba, in an samu muna murna. Mu dai muka yanke abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata, muka kuma fara tara na sayen gona. Bana yara biyu muka iya ɗauka: wani daga ƙasar Maradun da ke shekara ta biyu a jami'a, ya yi zango guda a gida saboda kuɗin rajista, da wata yarinya daga wajen Bakura da ta sami gurbin karatun jinya. Da muka je gidansu yarinyar, mahaifinta ya fara godiya, sai alƙalin nan da ke cikinmu ya tare shi da maganar da aka gaya wa nasa uban shekaru da yawa da suka wuce.

Sunaye goma sha ɗaya malaman makaranta suka kawo mana, tara suna nan suna jira. 'Yan'uwana 'yan Mafara da Bakura da Maradun da ke Abuja da Kaduna da Legas da Jidda, kowannenku akwai wanda ya taɓa biya masa kuɗin mota, da yawansu kuma sun riga mu gidan gaskiya. In kun zo gida hutun sallah, ku shiga makarantar ƙauyenku ku tambayi hedimasta wane yaro ne ya ci jarabawa bai tafi ba, ku ɗauke shi da sunan wancan mamacin.